Kafin Ka Sayi Waya A Legas, Tambayi Sana'arka Ba Idon Jama'a Ba

'Yan uwa mazauna Mile 2, Alaba Rago, Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da sauran unguwannin da Hausawa ke neman abinci a Legas.

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake sayen waya a tsakaninmu. Yaro zai shekara yana dako ko tura ruwa, ya tara abin da Allah Ya hore masa, rana ɗaya ya kwashe ya nufi Ikeja, ya dawo da wayar da in gilashinta ya fashe ba shi da kuɗin canza shi. Can gefe kuma ga ɗan kasuwa mai juya miliyoyi, amma wayar da yake karɓar kuɗi da ita sai ta ɗauki minti biyar manhajar banki ba ta buɗe ba, mai saye na tsaye yana tsaki. Dukansu biyun abu ɗaya ne ya same su: sun sayi waya ba tare da sun tambayi kansu aikin da za ta yi musu ba.

Ra'ayinmu a nan ba shi da wuyar faɗa. Ga wanda ya baro gida ya zo nema, waya kayan aiki ce, kamar wuƙa ga mahauci ko keke ga tela. Ba mu taɓa ganin mahaucin da ya zaɓi wuƙa don kyan ƙotarta ba. Kaifi yake dubawa. To haka ya kamata a yi wa waya: sana'arka da aljihunka su zaɓa maka, ba abokan hira ba, ba kuma mai shago ba.

Abin da ya sa maganar ta zama babba

Manyanmu da suka riga mu zuwa Ikko sun san lokacin da saƙon gida sai ta wasiƙa, ko a naɗi murya a kaset a ba direban da zai tafi Arewa. Wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, kuma a lokacin layi kaɗai dubban nairori ne. Shekaru da dama bayan haka aikin waya bai wuce kira da gaisuwa ba. Yau kuwa waya ta zama shago, ta zama banki, ta zama hanyar da iyali a Kano, Sakkwato, Katsina ko Maraɗi ke samun kuɗin cefane.

Wanda bai yarda ba, ya tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200, 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Mai shayi, mai tsire da mai tireda duk sai da suka koma karɓar kuɗi ta waya, kuma tun daga nan sunaye irin su OPay, PalmPay da Moniepoint suka shiga bakin kowa. Tsabar kuɗi ta dawo, amma al'adar tura kuɗi ba ta tafi ba. Haka nan tun watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ta fito da tsarin Eto, wanda ta manhaja ake nema wa tirela izinin shiga tashar Apapa da Tin Can. Ke nan har harkar mota, wadda muka sani da sitiyari da giya, ta koma cikin waya.

A daidai lokacin da buƙatar waya ta ƙaru, kuɗinta ma ya tashi. Kusan duk wayar da ke hannunmu daga waje aka shigo da ita, da dala aka sayo ta. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Saboda haka wanda ya yi kuskuren zaɓi a yau, ba kuɗin shan shayi ya zubar ba. Wani jarinsa ne, wani kuɗin takin da ake jira a gida ne, wani kuma sadakinsa ne.

Kowa da irin tasa buƙatar

Mu ɗauki direba ko yaron motar da ke layi a hanyar Mile 2 zuwa Apapa. Wannan bawan Allah yana iya kwana biyu ko uku a kan titi, ba soket, ba inuwa, ga ƙura ga ruwan sama. Abin da yake buƙata shi ne batir mai jurewa, jiki mai ƙwari, lasifika mai ƙara da zai ji kira a cikin hayaniyar injina, da gurbin layi biyu, domin in ya ɗauki hanyar Arewa akwai wuraren da wannan layi ke da sabis wancan ba shi da shi. Kyamara uku a bayan waya ba za su matsar da shi gaba a layi ba.

Ɗan gwarin Mile 12 da dillalin shanu na Oko-Oba a Agege ko na raguna a Alaba Rago, su nasu lissafin daban ne. Kafin motar tumatir ko ta shanu ta taso daga Arewa an riga an turo hoto da bidiyo, an yi ciniki ta saƙon murya. Irin waɗannan suna buƙatar waya mai sauri, mai wadataccen wurin ajiya, da kyamara mai fitar da kalar kaya yadda take. A nan ƙara kuɗi a sayi mai kyau ba almubazzaranci ba ne, domin ciniki ɗaya da ya kuɓuce saboda waya ta tsaya cak ya fi ƙarin da ake gudu. Haka 'yan uwanmu mata masu sayar da atamfa, turaren wuta ko kayan ƙwalama daga gida: hoto shi ne shagonsu, don haka su kam kyamara tana cikin jari.

Mai shayi, mai tireda da mai gyaran takalmi buƙatarsu ba ta da yawa, amma ba ta son wasa. Suna son wayar da manhajar banki za ta buɗe nan take, su ga da idonsu cewa kuɗi ya shiga asusu, ba su dogara da saƙon da mai saye ya nuna musu a tasa wayar ba, domin kowa ya san akwai alat na bogi. Maigadi kuwa, wanda dare ne ranarsa, batir, tocila da rediyo ne abokan aikinsa. Ɗalibinmu da ke jami'ar LASU a Ojo yana son fuska mai faɗi don karatu da wurin ajiye littattafai. Dattijon da idonsa ya fara rauni yana son manyan haruffa da sauti mai ƙarfi, kuma sau da yawa 'yar ƙaramar waya mai madannai ta fi masa kwanciyar hankali. Yanzu a ce duk waɗannan mutane waya iri ɗaya za su riƙe? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lambobin da ke jikin kwali

Masu sayarwa sun san yawancin masu saye ba su gane lambobin da ke jikin kwali ba, shi ya sa suke karanto mafi girma daga ciki don su burge ka. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko batir, wanda ake auna shi da mAh. A yanayin wutarmu, ko kana ƙarƙashin kamfanin Eko ko na Ikeja kamar mutanen Agege, muna ganin wanda ke yini a waje kada ya sauko ƙasa da 5000. A duba kuma saurin caji, wanda ake rubutawa da W. Cajar 10W tana ɗaukar awanni kafin ta cika babban batir, ta 18W ko 33W kuwa tana rage jiran sosai. Ga wanda wuta ke zo wa na awa ɗaya ta ɗauke, ko wanda ke biya a wurin masu caji, wannan bambanci kuɗi ne.

Na biyu RAM da wurin ajiya, waɗanda ake yawan cakuɗawa. Ɗauki misalin mai tireda: RAM shi ne teburin da yake baje kaya, wurin ajiya kuma shi ne sito. In tebur ya yi ƙanƙanta, duk girman sito aiki ba zai yi sauri ba. Wanda zai riƙa buɗe WhatsApp da manhajar banki biyu ko uku, ya nemi RAM 4GB zuwa sama. A kula da rubutu irin 4+4 ko 8+8. Lambar farko ce ta gaskiya, ta biyun aro ce daga wurin ajiya, kuma ba ta kai ta farkon sauri ba. Shi kuma wurin ajiya, 64GB ba duka za ka samu ba, domin manhajar da ke tafiyar da wayar ta riga ta ci wani kaso. Ga mai hulɗa da hotuna da bidiyo, 128GB ta fi kwanciyar rai. Mai son tara karatun malamai ko finafinan Kannywood ya tabbatar akwai gurbin memori, domin ba kowace waya ke da shi ba, kuma iPhone ba ta da shi kwata-kwata, kamar yadda ba ta da rediyon FM.

Na uku kyamara. Za a ce maka wannan mai megafiksel 50 ce, waccan 108. Yawan lambar kaɗai ba ya nuna kyan hoto, kuma shi WhatsApp yakan matse hoto kafin ya tura. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoto da wayar a cikin shago da kuma a waje, ka tura wa wani, ka ga yadda ya isa.

Na huɗu 5G. MTN ta fara shi a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma har yanzu a wasu sassan manyan birane ya fi samuwa. In ƙarin kuɗin 5G zai takura ka, bar shi, 4G mai kyau ya ishi kira, bidiyo da banki. Abin da ba za mu ba da shawara ba shi ne sayen babbar wayar da ba ta da 4G, komai arharta.

Akwai kuma tambayoyi biyu da ba a rubuta amsarsu a kwali, amma sun fi wasu lambobin muhimmanci. Ta farko: nawa ne gilashin wannan waya in ya fashe, kuma ana samun sa? Gilashi irin na AMOLED, musamman mai lanƙwasa a gefe, ya fi na LCD tsada nesa ba kusa ba. Ka tambaya kafin ka biya, ba bayan ta faɗi a kwalta ba. Ka tuna kuma cewa wata rana za ka je gida, to mai gyaran garinku ko na kasuwar Farm Centre a Kano yana da kayanta? Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Tecno, Infinix da itel suka cika hannun jama'a ke nan. Dukansu na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kayan gyaransu suna ko'ina, kuma suna da cibiyoyin gyara na Carlcare. Ba talla muke yi musu ba, Samsung, Redmi da sauransu ma suna da nasu masu kyau. Abin da muke cewa shi ne a duba gyara kafin saye.

Tambaya ta biyu: shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajar wayar? Waya tana iya zama garau a jiki amma manhajoji su daina aiki a kanta. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s, 6 da 6 Plus, kuma manhajojin banki ma sukan yi watsi da tsofaffin wayoyi. Samsung ta yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24, shekara 6 ga Galaxy A16. Wasu kamfanonin nasu bai kai haka ba. Wanda ke son wayarsa ta yi masa shekara huɗu, ya saka wannan a lissafi.

Maganar iPhone

Mun san za a ce mana: ai iPhone tana da ƙarko, kyamararta ba ta da na biyu, kuma in ka tashi sayarwa ba ta faɗuwa kamar sauran. Akwai gaskiya a wannan magana, ba ma musu. Wanda sana'arsa ɗaukar bidiyo ce, ko ɗan kasuwar da kuɗinta ba zai taɓa jarinsa ba, ya saya, Allah Ya sa ya mora.

Damuwarmu ita ce irin iPhone ɗin da yawancin matasanmu ke iya kaiwa gare ta: tsohuwa, wadda ta shekara biyar ko shida a hannun wani a Turai ko Amurka, batirinta ya gaji, wataƙila ma an taɓa buɗe ta an canza gilashi. Da kuɗin da aka saye ta za a iya samun sabuwar Android dal a kwali, mai garantin shekara guda, mai batirin da zai kai dare. Shi ya sa za ka ga mai iPhone yana yawo da fawa-bank kamar mai ɗauke da ƙarin ruwa. Sannan yawancinsu layi ɗaya suke ɗauka a gurbi, na biyun sai eSIM, wato layin da ake saka wa waya ba tare da kati ba. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta 2022 zuwa sama, ba su da gurbin layi ma gaba ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma matsalar ita ce da yawa ba a gaya musu rariya ce ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya: ba kyamara ake saye ba, tambarin tuffa na bayan wayar ake saye, don in an je gida da Sallah a ce wane ya samu duniya a Legas. Burgewar kwana uku ce. Bayan Sallah mutanen da suka yaba ba za su biya maka kuɗin haya ba, kuma gobe wani zai zo da wadda ta fi taka.

Amma kada a ɗauka muna cewa a sayi mafi arha. Wannan ma wani ramin ne. Araha ba ta ado, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Wanda ya sayi waya mai RAM 2GB don ya rage 'yan dubbai, alhali da ita yake karɓar kuɗin ciniki, bayan wata shida zai sake komawa kasuwa, ya zama ya biya sau biyu. Abin nema shi ne wayar da ta ishi aikinka har ta bar 'yar rara, ba wadda ta fi ƙarfinka ba, ba kuma wadda ta gaza maka ba.

Sabuwa ko ta hannu, kuma a ina?

Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba International da ke Ojo cike suke da 'yan kasuwa na ƙwarai masu shaguna da suna. Amma a bakin titi akwai masu tare mutum su nuna masa waya a tafin hannu, su faɗi farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Labarin wanda ya biya kuɗi ya isa gida ya tarar da kwankon waya cike da fufu ya daɗe yana yawo a Legas. Ƙa'idarmu ɗaya ce: a saya a shagon da gobe in an dawo za a same shi a wurin, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata da lambar IMEI.

Ita IMEI lamba ce da kowace waya ke da tata. Danna *#06# za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da ta rasit. In sun saɓa, ajiye wayar ka kama gabanka. In ta hannu ce, ko tokumbo da ake ce wa ta Landan, kada ka biya sai ka saka layinka ka yi kira, ka kunna data, ka gwada caji, lasifika, kyamara da kowane lungu na gilashi, domin wasu wayoyin an ɗaure su da kamfanin sadarwar ƙasar da suka fito. Ka sa mai sayarwa ya cire asusunsa na iCloud ko na Google a gabanka, a goge wayar tas, a kunna ta daga farko. Wayar da aka bar asusun wani a kanta tana iya kullewa, ta zama dutse a hannunka. A iPhone ana iya ganin lafiyar batir a cikin saiti, a duba.

Babban haɗarin wayar hannu shi ne ta sata. A Mile 2 da Oshodi da sauran wuraren cunkoso ana fizgar waya, kuma waɗannan wayoyi hannun wani suke ƙarewa. In jami'an tsaro suka bi sawun waya, wanda suka same ta a hannunsa shi za su fara kamawa, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai kai mutum gidan yari. Mu baƙi ne a garin nan, kuma mun san in abu ya faru da ɗayanmu ba a cewa wane ne, sai a ce Hausawa ne. Don haka wayar da aka kawo maka da daddare, ba kwali ba rasit, a rabin kuɗinta, ba sa'a ba ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Biya kaɗan-kaɗan

Yanzu shaguna da yawa suna ba da waya bashi, ka ba da wani abu a fara, sauran ka riƙa biya kullum ko duk mako. Ga wanda waya za ta buɗe masa hanyar samu nan take, tsarin yana iya zama mafita. Amma a yi lissafi da biro da takarda kafin a sa hannu. Ga misali: a ce waya naira 150,000 ce in za a biya lakadan. Aka ce ka ba da 40,000, sannan 6,000 duk mako har mako 26. Jimilla 196,000 ke nan, wato ƙarin 46,000. Kada ka tsaya a kan cewa 6,000 ba ta da yawa, tambayi jimillar.

A sani kuma cewa irin waɗannan wayoyi ana saka musu makulli daga nesa, ranar da ka gaza biya sai su rufe. Ga mai karɓar kuɗi ta waya, ranar da kasuwa ta yi sanyi ita ce ranar da shagonsa zai kulle. Wasu marasa tsoron Allah kuma sukan karɓi wayar bashi su sayar wa wani, bayan kwanaki ta kulle a hannun wanda bai ci nanin ba. Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar game da hukuncin ƙarin, ya kai takardar yarjejeniyar wurin malami ya duba masa. Mu dai a ganinmu adashin da muka gada ya fi: mutum goma su haɗu, kowa ya ɗauka a zagayensa, ya je ya saya lakadan, har ya samu bakin neman ragi.

Wayar da ta zama banki tana son tsaro

Zaɓen waya bai cika ba sai da tunanin ranar da za ta ɓata. Ɓarawon yau ba wayar kaɗai yake so ba, layin da ke cikinta yake hari, domin da shi ake shiga asusun banki. Don haka a zaɓi waya mai makullin zanen yatsa, kuma a saka wa layin kansa lambar sirri ta yadda in an cire shi an saka a wata wayar ba zai yi aiki ba. Wanda bai iya ba ya je ofishin kamfanin layinsa, kada ya yi ta gwaji, domin kuskure uku ke kulle layi. A tabbatar layin da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista, in ba haka ba ranar da ya ɓata dawo da shi zai zama aiki.

Dabarar da wasu 'yan kasuwarmu ke yi ta burge mu, kuma muna ba da shawarar a kwaikwaya: layin da bankin ke turo saƙo a kansa yana cikin ƙaramar waya da ke ɓoye, babbar waya kuma tana ɗauke da layin kira da data. Ƙaramar tana yin kwanaki ba caji, ba ta ɗaukar idon ɓarawo, kuma ana iya tura kuɗi da ita ta lambobin banki irin su *737#, *894# ko *966# ko da babu data. Sau da yawa waya matsakaiciya haɗe da ƙarama sun fi waya ɗaya mai tsada amfani, kuma kuɗinsu bai kai nata ba.

Abin da ya rage gare mu

Muna da yara a cikinmu masu gyaran waya da sayar da kayanta, a Agege, a Alaba, har cikin Computer Village. Ilminsu dukiya ce ga al'umma. Muna kira ga shugabannin unguwanni, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da tashoshi su san amintattu daga cikinsu, ta yadda baƙon da ya zo jiya, wanda bai iya Turanci ko Yarbanci ba, ba zai shiga kasuwar waya shi kaɗai da kuɗin guminsa ba. Rakiyar awa biyu tana iya tsare wa ɗan'uwa aikin wata shida. Su kuma masu rakiyar su ji tsoron Allah, kada su haɗa baki da mai shago don la'ada.

Iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu, in kun ga yaro yana tara kuɗin waya, ku zaunar da shi ku yi lissafin tare. Abokai kuma a daina yi wa mutum dariya don wayarsa ƙarama ce. Wannan dariyar ce ke tura yara cin bashi da sayen kayan sata.

Kafin ka fita kasuwa, ɗan'uwa, amsa waɗannan tambayoyi a ranka. Wane aiki uku na fi yi da waya? Awa nawa nake yi ba tare da wuta ba? In ta fashe gobe, ina da kuɗin gyara? In an sace ta jibi, zan iya sayen wata ba tare da na taɓa jari ko kuɗin gida ba? In amsar ta ƙarshe a'a ce, to wannan wayar ta fi ƙarfinka a yanzu, sauko ƙasa kaɗan. Lokacin babbar zai zo in Allah Ya so, kuma ranar za ka saye ta ba tare da gabanka ya faɗi ba.

Nema ya kawo mu Legas, akwai kuma masu jiran mu a gida. Allah Ya yi wa nemanmu albarka, Ya tsare mu daga asara da sharrin macuta, Ya mayar da kowa gida lafiya. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai samu gani ba.